Da Me Za a Fara Koyar da Gyaran Fuska?

Wata mai sauraronmu daga Kano, mai koya wa 'yan mata gyaran jiki, ta tambaya da me za ta fara.

To Malama, sanin fata ne farko, kafin dilka da kurkum. Ɗaliba ta iya bambance fata mai maiƙo da busasshiya, domin gurzar da wata ta jure tana iya yi wa wata rauni, balle da hunturu. Sabon haɗi a gwada shi a bayan kunne, a jira kwana 2. Mai ƙuraje masu ruwa kuwa asibiti za a tura ta.

Man bilicin ne ya fi damuna. Wani yana ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Don Allah kada su koyi haɗa shi a wajenki.