Darasin wannan wata: Jesi Owens, ɗan manomin kaɗa

Ƴan'uwa masu koyon karatu, darasinmu na wannan wata a kan wariyar launin fata ne. Wariyar launin fata ita ce a raina mutum, ko a hana shi haƙƙinsa, saboda launin fatarsa ko asalinsa. Za mu ga yadda abin yake cikin tarihin wani gwanin tsere na ƙasar Amurka, Jesi Owens. Ku karanta sannu sannu, kowa ya ɗauki kashi ɗaya, sa'an nan ku amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Asalinsa

An haifi Jesi Owens ran 12 ga Satumba 1913, cikin wani ƙauye na jihar Alabama, a kudancin Amurka. Baƙar fata ne, jikan bayi. An hana bauta a Amurka cikin 1865, amma yawancin bayin da aka ƴanta ba su samu gonar kansu ba. Uban Jesi gonar wani yake nomawa, in an yi girbi a raba amfanin da mai gona. Ƴaƴa goma gare shi, Jesi ne auta. Tun yana ƙarami yake tsinkar kaɗa, ga shi da yawan ciwon ƙirji.

A zamanin nan dokar kudancin Amurka ta raba mutane kashi biyu. Lakkwal ta farare dabam, ta baƙaƙe dabam. Haka gidan abinci, haka wurin zama cikin jirgin ƙasa, har wurin shan ruwa.

Da ya kai shekara 9, iyayensa suka yi ƙaura zuwa arewa neman aiki, suka sauka birnin Cleveland, jihar Ohayo. Sunansa na yanka James Cleveland, amma a gida da baƙaƙen farko biyu ake kiran shi, J da C. Da Turancinsu ana cewa “Je Si”. Malamar lakkwal ta ji, ta ɗauka suna ne, ta rubuta Jesi. Sunan ya bi shi har mutuwa.

Yadda ya koyi tsere

Wani malami farar fata, Charles Riley, ya lura yaron nan yana da ƙafa. Amma in an tashi lakkwal Jesi aiki yake tafiya, don ya taimaki gida. Sai malamin ya riƙa koya masa da sassafe, kafin a shiga aji.

Daga baya ya shiga jami'ar jihar Ohayo. Shi ne gwanin da ya fi kowa, amma ba a yarda ya kwana cikin ɗakunan jami'a tare da farare ba. In sun tafi gasa wani gari, sau da yawa abokansa su ci abinci wuri guda, shi kuwa ya nemi gidan abincin baƙaƙe.

Ran 25 ga Mayu 1935, cikin minti 45 kawai, ya yi bajinta uku da ba a taɓa yin irinsu ba a duniya, ya yi kunnen doki da ta huɗu. Ya yi tsalle na mita 8 da santimita 13, wato kusan tsawon mutum biyar kwance, kai da ƙafa. Sai da aka yi shekara 25 kafin wani ya wuce wannan.

Barlin, 1936

Duk shekara huɗu ƙasashen duniya suna haɗuwa su yi wasannin da ake kira Olimpik. Na ɗaya ya samu lambar zinariya, na biyu azurfa, na uku tagulla. Cikin 1936 a Barlin aka yi su, babban birnin Jamus. Hitila ne shugaba tun 1933. Yana koya wa mutanensa cewa jininsu ya fi na kowa, Yahudawa da baƙar fata kuwa ba a bakin kome suke ba. Ya so wasannin su zama shaida ga maganarsa.

Ga abin da Jesi ya yi cikin mako guda na watan Agusta, gaban dubban ƴan kallo:
Tseren mita 100: na ɗaya, cikin sakan 10,3.
Dogon tsalle: na ɗaya, mita 8 da santimita 6.
Tseren mita 200: na ɗaya, cikin sakan 20,7.
Tseren mutum huɗu masu miƙa wa juna sanda: ƙungiyarsa ta ɗaya.

Lambar zinariya huɗu ke nan. Baƙaƙen Amurka 18 suka tafi Barlin, suka komo da lambobi 14.

A dogon tsalle wani Bajamushe, Luz Long, ya zo na biyu da mita 7 da santimita 87. Bai ji haushi ba. Ya rungumi Jesi a tsakiyar fili, suka tafi tare hannu cikin hannu, manyan ƙasarsa suna kallo. Yin haka a Jamus ta Hitila sai mai ƙarfin zuciya. Luz Long ya mutu cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943.

Akwai kuma abin baƙin ciki. Ranar tseren mutum huɗu, shugabannin ƙungiyar Amurka suka fid da Yahudawa biyu, Marty Glickman da Sam Stoller, aka sa Jesi da wani a madadinsu. Sun yi doguwar tafiya, suka koma gida ba su yi tsere ba.

Komawa gida

Birnin Niyu Yok ya tarbe shi da babban biki. Amma da aka shirya masa liyafa a wani babban otal, sai aka sa shi ya hau bene ta wurin da ake hawa da kaya, don baƙar fata ne. Shugaban ƙasa na lokacin, Roosevelt, bai kira shi fada ba, bai ko aika masa da gaisuwa ba.

Aikin kirki ma ya yi masa wuya. Don ya ciyar da iyali, har tsere ya yi da dawaki mutane suna biyan kuɗin kallo. Ya sayar da mai a tashar mota. Ya buɗe gidan wanki, bashi ya kashe shi.

Sai cikin 1964 aka yi dokar da ta hana wariya a lakkwal, da wurin aiki, da gidajen abinci, bayan baƙaƙen Amurka sun daɗe suna fafutuka, wasu sun sha ɗauri, wasu sun rasa ransu. Cikin 1976 shugaba Ford ya ba Jesi babbar lambar girma ta ƙasa. Ya rasu ran 31 ga Maris 1980, da ciwon daji na huhu, bayan ya daɗe yana shan taba. Cikin 1984 aka sa wa wata hanya sunansa kusa da filin wasan Barlin.

Abin da za mu riƙe

Na farko, basira ba ta da launi. Ɗan manomi marar gona ya tsere wa duniya, don ya samu lakkwal da malamin da ya kula da shi.

Na biyu, bajintar mutum ɗaya ba ta isa ta kau da zalunci. Jesi ya ci zinariya huɗu, ya tarad da wariya tana jiran shi a gida. Sai da mutane suka haɗa kai aka sake doka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, mu duba namu gida. A nan Nijar dokar 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuffuka. Duk da haka har yanzu akwai inda ake yi wa mutum gori da asalin kakanninsa, ko da sana'ar gidansu, har a hana shi aure ko magana cikin taro. Wannan da abin da aka yi wa Jesi uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Tambayoyi

1. Wane aiki uban Jesi yake yi?
2. Don me malam Riley yake koya masa tsere da sassafe?
3. Me Luz Long ya yi bayan an kada shi?
4. Lissafi: tsallen Jesi a Barlin ya fi na Luz Long da santimita nawa?
5. Lissafi: daga 1936 zuwa 1976 shekara nawa ne?
6. Mahawara: a garinku akwai yaro ko yarinya da ba a sa lakkwal ba saboda asali? Me za ku iya yi a kai?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malamin yaƙi da jahilci na garinku ya aiko mana.