Gara da Sauran Maciya Itace: Nazari a Kan Duba Gida a Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

A rubuce, kalmar "gara" tana iya ɗaukar ma'ana uku: garar da ake kai wa amarya, da "gara" mai ma'anar gwamma, da kuma ƙwaron nan mai cin itace. Tsawon wasali da karin sauti ne ke rarrabe su a bakin Bahaushe. Wannan maƙala za ta tsaya ne a kan ta ukun. Manufarta ita ce ta nuna cewa duba gida domin gara tsohon ilimi ne na magina, kuma bukatarsa ƙaruwa take yi a yau, saboda itatuwan da suka gagari gara suna ƙara wuyar samu.

2.0 Daji da Itacen Gini

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, cikin ƙasa mai yawan doka da kawo da marke da ƙirya. A 1936 aka keɓe wani yanki na dajinta a matsayin gandun En'e, a 1999 kuma ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120.

Maginan da sun san halin kowane itace. Azara daga giginya ake tsaga ta, an kuma fi son namiji, domin ɓangarensa na waje yana da tauri ƙwarai. Ƙirya da marke kan yi dirka, saboda zuciyarsu takan daɗe a cikin ƙasa. Amma giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Da sare-sare da ƙona gawayi suka yawaita, sai masu gini suka koma ga katako mai taushi, wanda sau da yawa ko bushewa bai gama yi ba. Irin wannan kuwa abincin gara ne.

3.0 Halin Gara

Bahaushe ya ba wa al'ummar gara sunaye. Suri shi ne gidanta. Zago shi ne babbar gara mai cizo. Shinge kuwa su ne masu fiffike da kan fito bayan ruwan farko su yi dafifi a fitila. Binciken masana ya nuna cewa shinge su ne ke kafa sabon gida: sukan zubar da fiffike, namiji da mace su shige ƙasa, macen ta zama uwar gara mai yin dubban ƙwai a rana.

Abu biyu ne mai duba gida zai riƙe. Na farko, garar da ta fi ɓarna a ƙasashenmu daga ƙasa take fitowa. Na biyu, jikinta ba ya jure bushewa, don haka takan gina rufaffiyar hanya ta laka duk inda za ta bi. Tana cinye itace daga ciki, ta bar ɓawo a waje. Shi ya sa azara kan yi kyau a ido, alhali cikinta ya zama fanko. Idan damina ta yi nisa, ƙasar rufin soro ta sha ruwa ta yi nauyi, sai rufin ya rufto a kan masu barci.

4.0 Yadda Ake Duba Gida

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, kafin ruwa ya sauka, sannan a sake dubawa bayan fitar shinge. Kayan aikin ba su wuce tocila da ƙaramar guduma da wuƙa mai tsini ba.

(a) A fara daga waje. A zagaya gindin katanga ana neman layin laka mai hawa sama. A lura da ƙarƙashin indararo, da makwarara, da mazaunin randa, wato duk inda danshi ke zama. A kawar da kututture da tulin makamashi da ke jingine da bango.

(b) A shiga ɗaki. A ɗaga tabarma, a janye akwati daga bango, a duba daɓe da dokin ƙofa. Tarin fiffike a bakin taga alama ce cewa shinge sun sauka kusa.

(c) A ɗaga kai sama. A ƙwanƙwasa kowace azara, musamman inda kanta ya shige cikin bango. Lafiyayyiya takan yi amo mai ƙarfi, wadda aka ci kuwa sai ta yi ƙarar ganga. Inda aka yi shakka a soka wuƙa. A gidan kwano, a leƙa cikin silin.

(d) A ƙare da rumbu, a tabbata laka ba ta haɗa duwatsun da yake kai da gindinsa ba.

Ba kowace ɓarna ce ta gara ba. Idan aka ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba daga katako ko gora, aikin ƙwaro mai huda itace ne. Gara laka take bari, shi kuwa gari.

5.0 Magani

Itacen da ya zama fanko sai dai a sauya shi. Sabo kuma a bari ya bushe, a shafa masa maganin katako irin su Solignum, kada a bar shi ya taɓa ƙasa. Magungunan da aka yi yayi a da, kamar aldrin da dieldrin, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana amfani da su saboda illarsu ga mutane da ruwan sha. Kankare hanyar laka kaɗai ba ya isa. Sai an bi ta har tushenta, an kuma toshe inda danshi ke fitowa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kakanninmu da zaɓen itace suka yaƙi gara, mu kuwa da wannan zaɓi ya ƙaranta gare mu, sai mu yaƙe ta da sa ido. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban Hausa: a zauna da tsofaffin maginan Birnin Gwari, a tattara sunayen itatuwa da na ƙwari da ke bakinsu, tun kalmomin ba su bi giginyar sun tafi ba.