DARASI: Kula da Injin Goge Daɓen Siminti

'Yan'uwa manoma na Janbako da kewaye, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, shinkafa ta zama babban amfanin gona a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Shinkafar da aka shanya a ƙasa takan kwashi tsakuwa, farashinta ya faɗi a kasuwa. Shi ya sa ƙungiyar manoma take bukatar daɓen siminti na shanya da na sito. Daɓe mai santsi yana da sauƙin shara, ƙwari kuma ba su samun wurin ɓuya.

Akwai injin da ke goge irin wannan daɓe. Magina sukan ce da shi helikwafta, don yana da fukafukai huɗu na ƙarfe da ke juyawa a kan kankare. Ƙaramin injin fetur ne ke juya su ta hanyar kuloci da bel da akwatin giya. Ko ƙungiyarku ta saya, ko haya kuka ɗauko, ku riƙe wannan: kankare ba ya jiran makanike. In inji ya mutu bayan an zuba, kafin a je Mafara a samo kayan gyara daɓen ya sandare, kuɗin siminti ya tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ana gobe za a zuba ake duba inji.

Ana gobe aiki
1. A ajiye inji a wuri madaidaici, a duba baƙin mai. Irin ƙaramin injin nan na Honda GX160 yana shan kamar lita 0.6. Sabon inji a canza masa mai bayan awa 20, daga nan kowane awa 100.
2. A buɗe matacin iska a kakkaɓe shi. Ƙa'ida ita ce kowane awa 50, amma lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, a duba kullum.
3. A kwance fulogi a goge shi. A tanadi wani sabo a aljihu.
4. A duba bel. In ya tsattsage ko ya yi sako-sako, inji zai yi ta ƙara, fukafukai kuwa ba ƙarfi.
5. A duba man akwatin giya. In yana ɗiga, robar bakinsa ta lalace, a canza ta.
6. A sa giris a hannuwan da ke riƙe fukafukai, a ɗaure kowane noti.
7. A tada inji, a gwada makashinsa na gaggawa. In bai kashe ba, kada a yi aiki da shi. Injin da ya kuɓuce, hannunsa yakan juya ya buge mutum.

Ranar aiki
Kada a yi gaggawa. A bari ruwan da ke tasowa bisa kankare ya ƙafe. Mutum ya taka: in sawunsa bai wuce zurfin kwatan inci ba, lokaci ya yi. A fara da fukafukai a kwance. Da daɓe ya ƙara tauri, sai a riƙa ɗaga bakinsu kaɗan-kaɗan. Kada a yayyafa ruwa ko garin siminti don aiki ya yi sauƙi, gama saman daɓen zai ɓare daga baya. In cikin sito ake aiki, a buɗe ƙofofi da tagogi duka. Hayaƙin fetur yana kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Bayan aiki
Nan ne yawancin injuna ke lalacewa. Kowa ya gaji, sai a ce a bari sai gobe. Kafin gobe siminti ya bushe a hannuwan, fukafukai ba su ƙara ɗaguwa daidai. A kashe inji, a wanke ƙarƙashinsa nan take da ruwa da burushi, ban da kan injin kansa. A shafa ɗan mai a fukafukai don tsatsa. Shi kuma daɓe a riƙa jiƙa shi har kwana 7.

In inji yana rawa
In yana tsalle, ko yana barin zane kamar da'ira, a kashe shi, a cire wayar fulogi, a ɗora shi a kan daɓe madaidaici. Fukafukan huɗu su taɓa ƙasa daidai wa daida. In ɗaya ya bambanta, hannunsa ya lanƙwashe, ko ba a saita shi ba. Jefa inji daga bayan mota ne yakan jawo haka. Fukafukai in sun cinye, a canza huɗun gaba ɗaya. Sabo ɗaya cikin tsofaffi uku yakan ɓata daɓe.

In za a ajiye inji fiye da wata guda, a juye fetur daga tanki da kafireto, a rufe shi a busasshen wuri.

Kayan jama'a yakan rasa mai kula. Ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya, ta ba shi littafi. Ya rubuta wanda ya ɗauki inji, da awan da ya yi, da ranar canza mai. Daga kuɗin haya a ware na gyara.

Tambayoyi don taronku
1. Wa ke riƙe da kayan aikin ƙungiyarku, ina kuma littafinsu?
2. In bel ya tsinke ana cikin aiki, kuna da wani a ajiye?
3. Matasa nawa za ku koya wa wannan aiki bana?