Sauri Dabam, Sauri Mai Alƙibla Dabam

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta, na ba 'yan aji wannan lissafi: wani mai keke ya yi kilomita 3 gabas, ya juya ya yi kilomita 4 arewa, duk cikin rabin sa'a. Mene ne saurinsa? Kowa ya rubuta kilomita 14 a sa'a, sai yaro guda ya rubuta 10. Na soke masa da jan alƙalami. Da aka tashi ya biyo ni, ya ce, "Malam, ai in ka miƙe daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya, kilomita 5 ne kaɗai." Na sallame shi, amma daren nan ban yi barci da wuri ba.

Ashe abubuwa biyu ne masana kimiyya su ke rarrabewa, mu kuwa mu kan haɗa su da suna guda. Na farko shi ne sauri, watau a raba tsawon hanyar da aka bi duka da lokacin da aka ɗauka. Ba ruwansa da inda aka nufa. Mai keken nan ya taka kilomita 7 a rabin sa'a, saurinsa 14 ke nan. Na biyu shi ne sauri mai alƙibla. Nan ba a kula da kwane-kwanen hanya, sai a auna miƙaƙƙen layi daga mafari zuwa matsaya, a raba shi da lokacin, sa'an nan a faɗi wajen da aka dosa. Kilomita 5 a rabin sa'a, 10 ke nan a sa'a, wajen arewa maso gabas. Wanda kuwa ya kewaye filin wasa ya komo daidai inda ya tashi, ko da ya jiƙe sharkaf da gumi, saurinsa mai alƙibla bisa tafiyar duka sifiri ne.

To, kada wani ya ce wannan jan magana ne kawai. Dubi yaro mai korar tsuntsaye a gonar dawa da majajjawa. Ko da saurin dutsen bai ƙaru ba bai ragu ba, alƙiblarsa tana sakewa ko wane lokaci, kuma igiyar ce ta ke jawo shi tana karkatar da shi. Da ya saki, dutsen sai ya bar kewaya, ya fita ta wajen da ya dosa a lokacin. Abin da Isaac Newton ya bayyana ke nan a littafinsa na 1687, cewa sai da ƙarfi a ke sake saurin abu ko alƙiblarsa. Shi ya sa ka kan ji kamar ana tura ka gefe in mota ta sha kwana, alhali direba bai ƙara mai ba.

Kashegari na mayar wa yaron takardarsa a gaban aji, na goge sokewar, na ba shi rabin maki, don bai rubuta arewa maso gabas ba.