Gargaɗin da Masu Rubuta Java Ke Toshe wa Baki

A aikina na duba kod ɗin matasa masu rubuta manhaja da Java, akwai layin da ya zame mini ruwan dare. A zuba bayanai cikin Map<String, Object>, a zo ciro jerin maki, a tilasta masa zama List<Integer>. Kwamfaila ta yi gargaɗi, sai a ɗora mata @SuppressWarnings, a wuce.

To, gaskiya take faɗa. Da aka shigo da janarik cikin Java 5 a 2004, an so tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki, shi ya sa ake goge nau'in da ke tsakanin alamun < da > da zarar an harhaɗa kod. Manhaja na fara gudu, List<Integer> da List<String> duk sun zama List kawai. Java takan tabbatar buhu aka miƙo mata, amma ba ta kwance bakinsa ta ga ko gero ne ko dawa.

Don haka layin da ya yi ɓarnar lafiya lau yake wucewa. Sai can gaba, watakila a wani fayil dabam, ranar da wani ya zaro abu ɗaya daga jerin, ClassCastException ta fashe, a yi ta neman laifi inda babu shi.

An fi faɗawa ramin nan wajen karanta JSON. Idan ka bar laburaren Gson a yadda ya zo, ka ce ya zuba maka bayanai cikin Map<String, Object>, kowace lamba Double take zama: 70 ta koma 70.0. Jackson kuwa Integer zai ba ka. Kod ɗaya, sauya laburare kawai ya isa ya kayar da shi.

Maganin kuwa, idan duk abin da ke cikin Map ɗin jeri ne iri ɗaya, rubuta Map<String, List<Integer>> tun farko, ka huta. Idan gauraye ne, ni dai na fi son a gina aji na musamman, ko record da ya tabbata a Java 16. Gson na da TypeToken, Jackson na da TypeReference, don sanar da su cikakken nau'in.

In kuma bayanan daga hannun wasu suke zuwa, karɓe su a matsayin List<?>, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da instanceof, ka kwafe cikin sabon jeri. Gurɓatacce zai bayyana nan take, a layin da ya shigo.