Darasi na Tara: Motsa Jiki da Bitamin D a Jikin Mata

1.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana alaƙar motsa jiki da bitamin D, ya kuma tsara tambayoyin auna fahimta daga matanin da ke biye.

2.0 Matani

Bitamin D sinadari ne da fata ke ƙerawa idan hasken rana ya taɓa ta. Hanta da ƙoda ne ke sarrafa shi har ya fara aiki. Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalshiyam, ginshiƙin ƙashi. Akan same shi kuma a kifi mai kitse da gwaiduwar ƙwai da hanta. A 2011 Cibiyar Likitanci ta Amurka ta ƙayyade maikirogiram 15 a kullum ga baligi ɗan ƙasa da shekara 70.

Mata sun fi fuskantar barazana. Ciki da shayarwa na jan kalshiyam daga jikin uwa, sannan bayan ɗaukewar al'ada ƙashi kan yi saurin zaizayewa. Baƙar fata kuwa ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya ƙera bitamin ɗin. Saboda haka mace kan rasa shi ko a ƙasa mai zafin rana, matuƙar yininta a ɗaki yake.

A nan motsa jiki ke shigowa. Na farko, yana fitar da mace sarari. Daka da shara da shanya a tsakar gida duk motsi ne a ƙarƙashin rana, ba tare da an keta sutura ba. Na biyu, bitamin D kan maƙale a cikin kitse, shi ya sa masu ƙiba ke da ƙarancinsa a jini. Na uku, tafiya da ɗaukar kaya daidai ƙima na ƙarfafa ƙashi kai tsaye.

Sai dai rana da motsi ba su wadatar su kaɗai. Binciken da aka gudanar a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafafun yara a can ta fi alaƙa da ƙarancin kalshiyam a abinci. Don haka nono da madara da ƙananan kifi su ne cikon aikin.

3.0 Kammalawa

Lafiyar ƙashin mace na kan murhu mai duwatsu uku: rana da motsi da abinci. Malamar da ke fitar da 'yan mata filin wasa da hantsi tana gina musu ƙashin da za su dogara da shi a tsufa.

4.0 Auna Fahimta

1. Waɗanne gaɓoɓi ne ke sarrafa bitamin D?
2. Kawo hanyoyi uku da motsa jiki ke amfanar mace.
3. Bayyana ma'anar "zaizayewa" da "ginshiƙi" kamar yadda suka zo a matanin.

5.0 Jinga

Tsara darasin minti 35 na aji shida a firamare bisa wannan matani.