Wace bindiga ce za ta jure daji?

Mafarauci, in kana tsakanin bindiga mai jan hannu da mai ɗura kanta, fara duba inda za ka kai ta. In dajin ƙura ne, ko fadama mai taɓo, kuma kana kwanaki ba ka ga makanikin bindiga ba, ɗauki mai jan hannu, irin Remington 870 da aka fara ƙerawa a 1950, ko Mossberg 500. Hannunka ne ke fitar da kwanko ya cusa sabon harsashi, don haka ko mai raunin albarushi ne za ta ci. Ga araha. Sharaɗinta ɗaya: ka ja har ƙarshe. Rabin ja cikin gaggawa shi ke sa ta cije.

Mai ɗura kanta ta fi sauri, kuma wadda ke aiki da iskar albarushi ba ta dukan kafaɗa sosai. Amma tana tara dauɗa, sai da wanki akai-akai. Samfurin Benelli mai aiki da ƙarfin tunkuɗa ya fi tsabta, sai dai yana son harsashi mai ƙarfi.

Lokacin hunturu rage shafa wa bindiga mai, domin mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Kuma kada ka saya sai lasisi na hannunka.